Kwamfuta da waya a hanyar aiki: me ya kamata in fi tsoro?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni sabon matsayi a wurin aiki, kuma zan riƙa yin tafiya kusan kowane wata, wani lokaci har ƙasashen waje. Kwamfutata cike take da takardun kamfani da bayanan abokan hulɗarmu, wayata kuwa ita ce bankina, ita ce imel ɗina. Wani ya ce kada in kuskura in hau Wi-Fi na otal, wani ya ce kada in yi caji a filin jirgi. Gaskiya na rikice. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a sabon matsayi, ya kuma kiyaye hanya.

Waɗanda suka ba ka shawara ba ƙarya suka yi ba, sai dai sun bar jaki suna dukan taiki. Na daɗe ina shirya wa ma'aikata na'urori kafin su yi tafiya, ina kuma karɓar kukansu idan sun dawo, kuma abin da ya fi kawo mutane gabana ba gwanin kutse ba ne da ya laɓe a Wi-Fi. Jaka ce aka manta a bayan tasi. Waya ce aka fizge tana buɗe a hannun mai ita. Kwamfuta ce aka baro a tiren bincike na filin jirgi saboda ana ta kiran fasinja. Don haka tambayar da nake so ka fara yi wa kanka ita ce: idan na'urar nan ta bar hannuna yau ba za ta dawo ba, me wanda ya tsince ta zai gani, ni kuma me zan rasa? Idan amsar duka biyun ita ce "ba komai", ka gama da kaso mafi girma na matsalar tun ba ka fita ƙofa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin gaske a ofis ake yin sa, kwana biyu ko uku kafin ka tashi, kuma farkonsa rage kaya ne. Taron kwana uku za ka je, me takardun shekara shida suke yi a kwamfutarka? Abin da ba ka ɗauko ba babu mai iya sace shi, babu jami'in da zai ce ka buɗe masa shi. Kamfanonin da suka san abin da suke yi sukan ajiye kwamfutar aro ta tafiya, wadda babu komai a cikinta sai manhajojin aiki, ma'aikaci ya karɓa, ya riƙa jawo takardar da yake buƙata daga ma'ajiyar kamfani ta intanet, idan ya dawo a goge ta tas. Ka tambaya ko akwai irin wannan a wurinku. In babu, ka kwashe abin da tafiyar ba ta buƙata, ka tabbatar akwai kwafin komai a wani wuri da ba zai bi ka ba. Kwafin da ke cikin filashin da ka jefa a jaka ɗaya da kwamfutar ba kwafi ba ne, tare za su ɓace.

Sai batun da na fi ba muhimmanci, wanda kuma mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Kalmar sirrin da kake sakawa idan kwamfuta ta tashi, ita kaɗai ba ta hana kowa karanta abin da ke ciki. Ƙofar zaure ce kawai aka rufe, katanga kuwa a rushe take. Ɓarawo zai iya zare rumbun ajiyar ya jona shi a wata kwamfutar, ko ya tayar da taka daga filashi, ya karanta komai ba tare da ya taɓa sanin kalmar sirrinka ba. Abin da ke hana wannan shi ne inkirifshin na dukkan rumbu, wato a dagula bayanan su koma tarkacen lambobi marasa ma'ana, ba mai warware su sai mai mabuɗi. A Windows sunansa BitLocker, a kwamfutocin Apple FileVault. Kada ka ɗauka an kunna maka. Ka shiga saituna ka gani da idonka, ko ka sa ma'aikacin kwamfuta na ofis ya nuna maka. BitLocker yana da mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda zai iya nema ba zato idan wani abu ya canza a na'urar. Ka san inda aka ajiye shi da yadda za ka same shi kana wata ƙasa, amma kada ka manna shi a bayan kwamfutar. Na taɓa ganin wanda ya yi haka, da farin tef, da kyakkyawan rubutu.

Ga inda gizo ke saƙa: inkirifshin yana cika aikinsa ne idan na'urar a kashe take. Idan ka rufe murfin kwamfuta kawai ta yi barci, mabuɗin yana nan zaune a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi. Tun 2008 masu bincike a Jami'ar Princeton suka nuna ana iya zaro mabuɗi daga wannan ƙwaƙwalwa ko bayan ɗan yankewar wuta, musamman idan an sanyaya ta. Ba kowane ɓarawo ne zai iya wannan ba, amma maganinsa bai fi daƙiƙa ashirin ba. Duk lokacin da kwamfutar za ta bar idonka, ko za ka tsallake iyaka, ka kashe ta gaba ɗaya. Haka waya: wadda aka kunna amma ba a riga an buɗe ta da lambar sirrinta ba ta fi wuyar fasawa nesa ba kusa ba a kan wadda aka buɗe sau ɗaya aka sake kullewa. Shi ya sa Apple, daga iOS 18.1 a ƙarshen 2024, ya sa iPhone ta riƙa sake tashi da kanta idan ta yi kwana uku ba a buɗe ta ba.

Tunda mun zo kan waya, bari in daɗe a nan, don ita ce mabuɗin sauran mabuɗai. Wanda ya samu wayarka a buɗe ya samu imel ɗinka, wanda ya samu imel kuwa zai iya canza kalmar sirrin kusan komai. A 2023 jaridar Wall Street Journal ta yi rahotanni kan wata dabara mai sauƙi da ɓarayi ke yi a biranen Amurka: su tsaya kusa da mutum a cikin cunkoso, su kalli lambar da yake dannawa, sannan su sace wayar. Da lambar nan kaɗai sukan canza kalmar sirrin asusun Apple cikin mintuna, su kashe manhajar bin sawu, su rufe mai waya a waje, su shiga bankinsa. Babu kutse a ciki, ido ne kawai. Bayan haka ne Apple ya fito da Stolen Device Protection a iOS 17.3, a watan Janairun 2024, wanda ke tilasta amfani da fuska ko zanen yatsa, da jinkirin awa guda, kafin a yi manyan canje-canje idan wayar ba ta wurin da ta saba. Ka kunna shi. Android ma ya samu makamancinsa a 2024, wanda ke kulle fuskar waya idan ya ji alamar an fizge ta an ruga. A cikin jama'a ka buɗe waya da yatsa ko fuska, idan kuma dole ka danna lamba, ka kare ta da hannu kamar yadda kake yi a na'urar cirar kuɗi. Lamba huɗu ta yi kaɗan. Shida ce mafi ƙaranci, kalma mai haruffa da lambobi ta fi. Ka kuma sa wa katin sim nasa fin, wato lambar sirrin da ke kulle shi, don kada a zare shi a saka a wata waya a riƙa karɓar saƙonnin bankinka. Sannan ka ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa idan waya tana kulle. Me amfanin kulle idan lambar tabbatarwa tana bayyana ɓaro-ɓaro a fuskar wayar?

Akwai wani rami a nan da ba ɓarawo ke haƙa shi ba, matafiyi ne ke haƙa wa kansa. Wani abokin aikina ya sauka a wata ƙasa, ya cire layinsa ya sa na can don samun data mai sauƙi, ya ajiye tsohon a aljihun riga, rigar ta tafi wanki. Da safe imel ɗinsa ya ga an shiga daga baƙon wuri, ya ce sai an kawo lambar da ya tura ta tes. Tes ɗin kuwa ya tafi layin da ke cikin kumfa. Ya yi kwana biyu ba ya iya aiki, kuma babu wanda ya cuce shi. Don haka kafin ka tashi, ka mayar da tabbatarwa ta biyu, wato lambar da ake nema bayan kalmar sirri, daga tes zuwa manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, waɗanda ke fitar da lamba ko babu sabis, ko ka yi amfani da ɗan mabuɗin tsaro irin YubiKey. Ka buga lambobin ceto, waɗanda ake shiga asusu da su idan waya ta ɓace, a takarda, ka ajiye su daban da wayar. Ka kuma rubuta lambar wayar ofis, da ta banki, da ta wani naka a takarda, domin ranar da waya ta ɓace ne mutum ke gane ba lambar kowa a kansa.

Yanzu ga Wi-Fi ɗin da aka tsorata ka da shi. Tsoron yana da asali. A 2010 an saki wata 'yar manhaja mai suna Firesheep wadda ta sa duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da kai zai iya shiga Facebook ɗinka da dannawa guda, domin a lokacin yawancin shafuka ba sa ɓoye abin da ke kai-kawo tsakaninka da su. Yau al'amarin ya canza: bankuna, imel da manyan shafuka duk suna amfani da HTTPS, tsarin da ke ɓoye abin da ke kai-kawo, mai leƙe zai iya gane inda ka je amma ba zai karanta abin da ka rubuta ba. Haɗarin da ya rage na yaudara ne, ba na leƙe ba. A 2014 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya fallasa wani gungu da ya kira DarkHotel, waɗanda suka yi shekaru suna farautar manyan jami'an kamfanoni a otal-otal na alfarma a Asiya. Baƙo ya hau Wi-Fi, sai saƙo ya fito yana cewa ya sabunta wata sananniyar manhaja kamar Adobe Flash. Yana dannawa ya shigar wa kansa ɗan leƙen asiri. A 2024 kuma 'yan sandan Ostireliya sun gurfanar da wani mutum bisa zargin kafa Wi-Fi na bogi mai kama da na gaske a filayen jirgi da cikin jirage, inda shafin shiga ke neman fasinja ya saka imel da kalmar sirrinsa. Ka ga a duka biyun sai da mutum ya miƙa wuya da kansa. Saboda haka ka sabunta komai tun kana ofis, a hanya kuma duk saƙon da ya ce ka sauke wani abu kafin ka samu intanet, ka rufe shi. Wi-Fi na gaskiya zai iya tambayar lambar ɗaki da suna, amma ba ruwansa da kalmar sirrin imel ɗinka. Idan burauza ta yi maka gargaɗin cewa shaidar shafi ba ta inganta ba, kada ka ce bari in wuce kawai ina sauri. Idan kana da data, ka haɗa kwamfuta da hotsifot na wayarka, ya fi kwanciyar hankali. Idan ofis ya ba ka VPN, wato manhajar da ke bi da zirga-zirgarka ta intanet ta wata ɓoyayyiyar hanya, ka kunna shi. VPN na kyauta da ba ka san mai shi ba kuwa, ka cire amana ne daga hannun otal ka damƙa wa wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Batun caji ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. An nuna yiwuwar satar bayanai ta ramin cajin USB na jama'a a taron masana kutse na DEF CON a Las Vegas a 2011, ofishin hukumar binciken Amurka ta FBI da ke Denver ma ya yi gargaɗi a kai a 2023, amma wayoyin yanzu suna tambayarka kafin su bar bayanai su bi ta igiya. Ka riƙe kan cajarka ka jona a soket na bango, ko ka riƙe fawa banki, magana ta ƙare. Fawa bankin a jakar hannu yake tafiya, ba a kayan da ake lodawa a cikin jirgi ba, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce awa-wat 100 sai da izinin kamfanin jirgi. Kwamfutar ma kada ka taɓa ba da ita lodi. Filashin kyauta na wurin taro ya fi ramin caji haɗari. A wani gwaji da aka wallafa a 2016, an zubar da filashi 297 a harabar Jami'ar Illinois, kusan rabinsu aka samu wanda ya jona ya buɗe abin da ke ciki. Tsuntsu daga sama gasasshe ba a cika samun sa babu ƙugiya ba. Idan za ka gabatar da jawabi, ka tura takardar ta imel, ko ka keɓe filashi guda wanda ba zai sake komawa kwamfutarka ba.

Ɗakin otal ba gidanka ba ne. Mutane da yawa suna da mabuɗinsa, kuma ɗan akwatin ƙarfen da ke cikin kabad yana da hanyar da ma'aikata ke buɗe shi idan baƙo ya manta lambarsa. Yana hana ɗan hali na tsautsayi, ba ya hana wanda ya zo domin kai. A 2009 wata masaniyar tsaro 'yar ƙasar Folan, Joanna Rutkowska, ta nuna yadda mai 'yan mintuna shi kaɗai da kwamfutar da aka yi wa inkirifshin zai iya dasa abin da zai naɗe kalmar sirri idan mai ita ya dawo ya saka, daga baya a zo a ɗauka. Kwamfutocin zamani sun ƙara kariya a wurin tashi, amma darasin bai tsufa ba. Ka auna kanka da gaskiya: idan aikinka ya shafi kwangila mai tsoka, ko shari'a, ko jarida, ko sirrin masana'anta, kwamfutar ta bi ka har wurin cin abinci. Idan ba haka ba, kashe ta da kulle ta a akwatin ya wadatar. Kwamfutar jama'a ta otal kuwa, wadda ake buga takarda da ita, kada ka shiga asusunka ko ɗaya a kanta.

Wurin da babu fasahar da za ta cece ka shi ne iyaka, kuma nan ne mutane suka fi zuwa ba shiri. Dokar ƙasarka ba ta bin ka. A Amurka jami'an kwastam da tsaron iyaka suna da ikon duba waya da kwamfuta ba tare da takardar kotu ba. Ɗan ƙasa da ya ƙi buɗewa ba za a hana shi shiga ba, ko da yake ana iya riƙe na'urar, amma mai biza ana iya juya shi. A Birtaniya, ƙarƙashin jadawali na 7 na dokar ta'addanci ta 2000, ƙin ba da kalmar sirri idan an tsare ka a tashar shiga laifi ne da kan kai mutum kotu. A Niyuzilan, tun 2018, ƙin buɗe na'ura ga jami'in kwastam mai dalilin zargi na iya jawo tarar da ta kai dalar ƙasar 5,000. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda ya zo da na'ura mara nauyin sirri shi ne ke tsayawa gaban jami'i hankali kwance. Kada ka yi wa jami'i ƙarya, kada kuma ka tsaya gabansa kana goge abubuwa, wannan na iya zama laifi na daban. Tun kafin tafiya ka tambayi ofis abin da suke so ka yi idan an ce ka buɗe, da wanda za ka kira. Idan aka shiga da na'urar wani ɗaki aka dawo da ita, ka rubuta lokaci da wuri, kada ka jona ta da tsarin kamfani har sai masana sun duba, ka kuma canza duk kalmar sirrin da ka bayar ta wata na'urar daban. Ka binciki dokar VPN ta inda za ka: a ƙasar Sin, alal misali, Gmail da WhatsApp da Facebook a toshe suke, kuma VPN mara lasisi ba halal ba ne a dokarsu. Gara ka san haka tun kana gida, ku shirya yadda za ku riƙa magana da ofis.

Wani abu da ba ya buƙatar gwaninta ko kaɗan: baki da ido. A jirgi wanda ke bayanka yana karanta fuskar kwamfutarka layi-layi ta tsakanin kujeru. Akwai siririyar leda mai duhu da ake mannawa, wadda ke hana na gefe gani, ka nemi ofis su saya maka. Mutane sukan zauna a ɗakin jira suna ambaton sunan abokin ciniki da adadin kuɗi da ƙarfi kamar su kaɗai ne a duniya. Hoton katin shiga jirgi ma kada ka ɗora a intanet. A 2020 tsohon firaministan Ostireliya Tony Abbott ya sa hoton nasa a Instagram, wani mai bincike ya yi amfani da lambar da ke jiki ya shiga shafin kamfanin jirgin, ya ga lambar fasfonsa da ta wayarsa. Sanar da duniya cewa kana hanya kuma yana ba 'yan damfara dama su aika wa akawun ofis saƙo da sunanka, wai kana cikin taro ba ka iya ɗaga waya, a tura kuɗi yanzu-yanzu. Ku yi yarjejeniya tun kafin ka tafi cewa ba a biyan komai sai an ji muryarka ta lambar da aka sani.

Idan tsautsayin ya auku, abin da na fi roƙon ma'aikata shi ne kada kunya ta sa su yi shiru. Da yawa sukan yi kwana biyu suna neman jaka a ɓoye suna fatan za ta dawo, alhali a cikin sa'ar farko ne ofis zai iya rufe asusun, ya kori duk na'urar da ke ciki, ya aika umarnin goge ta daga nesa. Akwai kuma agogon doka: idan akwai bayanan mutanen da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wato GDPR, ta shafa, kamfani na da awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da hukuma idan akwai haɗari ga masu bayanan. Kwamfutar da aka yi wa inkirifshin aka kuma kashe, ɓatanta sau da yawa asarar ƙarfe ce kawai. Wadda ba a yi wa ba, wasiƙun ban-haƙuri ne ga kowane abokin hulɗa. Ka fara kiran ofis, sai kamfanin layi a toshe sim, sai banki, sannan ka karɓi takardar rahoto daga 'yan sandan wurin, domin inshora za ta nema. Idan taswira ta nuna maka inda wayar take, ka ba 'yan sanda, kada ka bi ta da ƙafarka a garin da ba ka sani ba. Kuma ka sa ran bayan kwanaki za a turo maka saƙo wai an ga wayarka, ka danna nan ka shiga asusunka. Ɓarayin ne, suna neman kalmar sirrin da za ta ba su damar cire kullen su sayar da ita.

Idan kuma ka dawo lafiya, akwai 'yar shara da ta rage. Ka sa waya da kwamfuta su manta da duk Wi-Fi da ka hau, don kada su riƙa manne wa duk mai irin sunan nan gaba. Ka cire manhajojin da ka sauke domin tafiyar kaɗai. Motar haya da ka haɗa wayarka da ita ta Bluetooth tana iya riƙe lambobin mutanenka da jerin kiranka, talabijin ɗin otal ma yana riƙe asusun kallon da ka shiga. Waɗannan biyun kafin ka miƙa mabuɗi ake goge su, don haka ka sa wa kanka tunatarwa a waya daren da za ka haɗa kaya.